ZAUREN 'YAN MATA: Zoben Baiko Da Hannun Maƙeri

    

A fitowar da ta gabata mun tsaya ne a kan maganar kayan lefe, to sai ga wasiƙunku sun yi ta shigowa, da yawa daga ciki kuma tambaya ɗaya suke yi, wato maganar zoben baiko. Wata ta ce saurayinta ya ce ta zaɓa da kanta, ita kuwa ba ta san gwal ba balle ta san na ƙwarai. Wata ta ce ƙawayenta sun sa ta gaba wai duk wadda ba a kawo wa zobe mai dutse ba, ba a ɗauke ta da daraja ba. Wata 'yar aji biyar kuwa cewa ta yi wani ya ba ta zobe a hanyar islamiyya, ta ɓoye shi a ƙasan akwati, shin yanzu an yi mata baiko ke nan? Duk na karanta, kuma duk zan amsa insha Allahu. Amma ku gyara zama tukuna in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu, don gani ya kori ji.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Akwai ɗiyar yayata, yarinya mai hankali, a hannuna ta tashi. Bara aka yi mata baiko da wani yaro malamin firamare, ɗan mutunci, ba ruwansa da hayaniya. Magabatansa suka zo, aka raba goro da alawa, aka sa rana bayan Babbar Salla. Kwana biyu da yin haka sai ga ƙanwarsa ta kawo wani ɗan akwati ja, da aka buɗe sai ga zobe yana walƙiya, da farin dutse a kansa. Aka ce gwal ne na Dubai. Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ko tsintsiya za ta ɗauka sai ta karkata hannu yadda kowa zai gani.

Ba a rufa sati uku ba, wata Asabar da hantsi sai ga ta ta faɗo ɗakina, ko sallama ba ta ƙarasa ba, idanu sun yi luhu-luhu.

"Anti, kin ga abin da ya yi mini?"

Ta miƙo hannu. Gindin yatsa ya yi kore shar, zoben kuma ta ciki ya koɗe ya koma wani ja-ja. Ashe a wajen bikin ƙawarta abin ya tonu. Wata mai kaifin baki ta kama hannun a gaban mutane ta ce, "Au, wannan ne gwal ɗin Dubai ɗin? Lalle kam, Dubai ta bayan tasha." Aka kwashe da dariya.

"Wallahi Anti na fasa. A mayar masa da kayansa. Tun yanzu ya fara yi mini ƙarya, ina ga an shiga daga ciki?"

Na bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, sannan na ce, "Tashi ki wanke fuska, ki ɗauko mayafinki." Muka nufi cikin birni wajen wani dattijon maƙeri da yake yi mini 'yan kunne tun ina amarya. Bayan mun gaisa na miƙa masa zoben. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya goga shi a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan layin da zoben ya bari. Nan take layin ya ɓace.

Ya ce, "Hajiya, wannan tagulla ce aka yi mata wanka da ruwan gwal. Dutsen kuwa gilashi ne." Sai ya dubi yarinyar ya ce, "Jikata, kafin ki yanke wa yaron nan hukunci, a tambaye shi nawa ya saya, kuma a hannun wa. Mayaudari daban, wanda aka yaudara daban."

Na aika aka kira yaron. Ya zo bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni. Da na ajiye zoben a gabansa na faɗa masa abin da maƙeri ya ce, wallahi sai da ya ba ni tausayi, gumi ya karyo masa. Albashinsa na wata biyu ya haɗa, har da ɗaukar adashi tun kafin kwasarsa ta zo. A waya wani ya nuna masa hotuna, ya kawo masa har ƙofar makaranta. Ba shago, ba rasit, ba shaida. Aka kira lambar mutumin a gabana, a kashe.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, na ji tana yabon na ƙawarta ne, na ce ni ma ba zan bari a raina ta ba."

To kun ji fa. Saura ƙiris aure ya mutu tun ba a ɗaura ba, alhali ba mai laifi a cikinsu sai rashin sani. Zan faɗa muku yadda aka ƙare, amma bari mu fara da tushe.

WAI INA AKA SAMO ZOBEN BAIKO?

Mu dai a gargajiyance baiko magana ce ta manya. Iyaye su zauna, a ce an ba da, a raba goro, a yi addu'a. Kakanninmu sun yi ado da zobba na azurfa, da munduwa, da awarwaro, da murjani, da tsakiya, da jigida, amma ba a ɗora wa zobe nauyin baiko ba. Wannan al'ada daga Turai ta taso, ta iso mana ta finafinan Indiya da na Turawa da littattafai, yanzu kuma ga waya ta ƙara mata gudu.

Tun zamanin Rumawa ake ba mace zoben alƙawari. Turawan da sun ɗauka wai akwai wata jijiya da ta taso daga yatsan da ke bin ƙarami a hannun hagu ta zarce zuciya, shi ya sa suke sa zobe a nan. Likitoci sun nuna babu wannan jijiya, duk yatsu hanyar jininsu iri ɗaya ce. A shekarar 1477 wani yarima na ƙasar Ostiriya mai suna Maximilian ya ba gimbiyar da zai aura zobe mai daimon, amma shekaru aru-aru bayan nan abin na sarakuna ne da attajirai kawai.

Abin ya canja ne bayan da aka gano daimon mai yawa a Afirka ta Kudu, inda aka kafa kamfanin De Beers a 1888. Da ciniki ya ja baya, sai a 1938 kamfanin ya ɗauki masu tsara talla a Amurka. A 1947 wata ma'aikaciyarsu mai suna Frances Gerety ta rubuta musu kirarin nan da ya zagaye duniya, mai nuna wai daimon yana nan har abada. Abin dariyar, ita kanta har ta bar duniya ba ta yi aure ba. Tallar ce kuma ta riƙa raɗa wa samari nawa ya kamata su kashe, da farko albashin wata guda, zuwa shekarun 1980 aka ce na wata biyu. Surukin nan namu bai taɓa jin labarin wannan talla ba, amma iskarta ta kaɗo har ta same shi a ƙofar firamare.

Don haka ki riƙe wannan: abin da ya wajaba a aure shi ne sadaki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Zobe kyauta ce, in an yi an kyauta, in ba a yi ba babu abin da ya ragu. In kuma ke ce za ki rama masa, to ki sani ba a ba namiji Musulmi gwal, azurfa ake ba shi.

HANNUN MAƘERI

Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda 'yan matanmu suka mance muna da masu wannan sana'a a gida. Maƙera kashi biyu ne. Akwai maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da zinariya da tagulla. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe in kin shiga za ki tarar da kayan ado na hannu.

Kin taɓa zama kin ga yadda ake ƙera zobe? Ke dai bari. Maƙeri zai auna azurfa, ya zuba a ɗan ƙoƙon yumɓu, ya ɗora a kan gawayi, yaro yana ta zuga-zugi har ta narke ta zama kamar ruwa. Ya tsiyaye ta a wani siririn kwari ta daskare ta zama ɗan sanda. Ya kama da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta bugu. In ta yi tauri ya mayar da ita wuta ta saki, ya ci gaba. In zoben murɗe ake so, sai ya ja ta ta cikin hudojin wani faifan ƙarfe, daga babbar huda zuwa ƙarama, har ta koma siririyar waya, ya haɗa biyu ko uku ya murɗa kamar kitso. Sannan ya naɗe a jikin sandar awo daidai yatsanki, ya liƙe bakin, ya bi da magagari, ya sassaƙa zane da ɗan mitsitsin kurfi, ya goge har ki ga fuskarki a jiki.

Can Agadas kuwa, a ƙasar Nijar, maƙeran Buzaye da ake kira inadan suna da wata dabarar. Da kakin zuma suke fara siffanta abin, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa, sai su zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce dole a fasa yumɓun kafin a ciro abin, shi ya sa ba za ki taɓa samun guda biyu da suka yi daidai tak ba. Da haka ake yin abin wuyan nan mai suna na Agadas. Irinsa sun haura 20, kowanne da garin da ake jingina shi da shi, kamar Tawa da Damagaram da Ingal da Bilma. Matan maƙeran kuma su ne gwanayen aikin fata. A da, azurfar da ake narkawa galibi tsohon kuɗin Ostiriya ne mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wanda tun daga 1780 komai shekarar da aka buga shi 1780 ɗin ake rubutawa a jiki. Duba akwatin kakarki, ƙila ki tarar da guda an huda shi an yi abin wuya.

A Bida ta Jihar Neja, Nufawa sun yi suna a aikin tagulla, ga kuma masaga masu narka kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya na gilashi kala-kala.

Me aikin hannu ya fi na kanti da shi? Na ɗaya, daidai yatsanki za a yi. Na biyu, ke za ki faɗi zanen da kike so, ba za ki shiga taro ki ga irinsa a hannun mata biyar ba. Na uku, in ya karye ko ya matse kin san inda za ki koma. Na huɗu, wanda ya fi daɗi, ana iya narka tsohon abu a yi sabo. Ɗan kunnen gwal ɗin mahaifiyarsa da wari ya ɓata, ko karyayyiyar sarƙar kakarki, duk suna iya komawa zobe, kuɗin aiki kawai za a biya.

Amma ba zan ɓoye muku ba, maƙera ma akwai na Allah akwai na Annabi. In kin kai gwal ɗinki a narka, a auna shi a gabanki a rubuta, in an gama a sake aunawa. Wuta da magagari suna ɗan cin kaɗan, to ku yi magana a kan wannan tun farko. Sannan wasunsu 'yan uwan teloli ne wajen "dawo gobe", don haka a ba da aiki da sauran wata guda ko fiye.

IN ZA A SHIGA KASUWA

Ko wajen maƙeri za a je ko layin 'yan gwal, ga abin da za ki riƙe. Ki yanke shafin nan ki ba shi ya karanta, ba abin kunya ba ne.

1. A fara da aljihu. Ya faɗi abin da zai iya ba tare da bashi ba, a tsaya a nan. Daidai ruwa daidai tsaki. Bashin da ya ci don yatsanki, a tukunyarki za a biya shi bayan biki.

2. Ki san karat. Tsantsar zinariya ita ce karat 24, amma ta cika laushi, saurin lanƙwashewa gare ta, shi ya sa ake garwaya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Karat 21 na nufin kashi 21 cikin 24 zinariya ce, karat 18 kuma kashi 18 cikin 24. Misali, zobe mai giram 4 na karat 18, giram 3 ne zinariya a cikinsa. Awarwaro mai giram 8 na karat 21, giram 7 ne zinariya. Gwal ɗin da alhazai ke sayowa a Makka da Madina da Jidda yawanci 21 ne, ya fi rawaya. Na Italiya yawanci 18 ne, ya fi tauri, ya fi kuma riƙe dutse. Kalmar "na Dubai" ba karat ba ce, sunan gari ne kawai. In an ce miki na Dubai ne, ki ce, "To, nawa ne karat ɗinsa?"

3. Ki duba lambar ciki. Ana buga 916 a kan karat 22, 875 a kan 21, 750 a kan 18, 585 a kan 14. Azurfa mai kyau kuma 925. In kin ga haruffan GP, wankan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe. Shi ma wankan ba laifi ba ne in an faɗa miki gaskiya aka sayar a kuɗinsa, ado ne na ɗan lokaci. Sai dai ki sani ɓarayi ma sun iya buga lamba, wani aikin hannun na ƙwarai kuma ba shi da lamba ko ɗaya. Lamba ba ta isa shaida ita kaɗai ba.

4. A hau sikeli. Gwal da awo ake sayar da shi. A tambayi kuɗin giram na ranar a shago biyu ko uku, a ninka da nauyin zoben, a ƙara kuɗin aiki. In akwai dutse a cire nauyinsa, kada ki sayi gilashi a farashin zinariya. Farashin gwal na duniya ne, kullum yana motsi. A 2020 oza guda, wato wajen giram 31, ta haura dala 2,000, a watan Maris na 2025 ta haura dala 3,000. Don haka duk wanda ya zo miki da gwal a rabin kuɗi yana cewa matsuwa ce ta sa, ki riƙe jakarki da kyau. Araha ba ta ado.

5. A gwada. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, in ya kama to magana ta ƙare. Amma kada ki saki jiki don bai kama ba, ai tagulla ma ba ya kama ta. Gwajin ƙwarai shi ne na baƙin dutse da ruwan gwaji irin wanda Baba maƙeri ya yi mana, ko na'urar da manyan shaguna suke da ita. Mai gaskiya ba ya jin haushin a gwada kayansa.

6. Maganar dutse. Daimon ya fi kowane dutse tauri, shi ma da karat ake auna shi, amma nasa karat ɗin nauyi ne, guda 5 ne giram 1. Yawancin farin dutsen da kike gani a kanti gilashi ne ko wanda 'yan kasuwa ke kira zarkon. Yanzu har daimon ake haɗawa a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na haƙa, kuɗinsa kuma bai kama ƙafarsa ba. Ga abin da nake so ki gane: ranar da buƙata ta taso kika kai zobe kasuwa, gwal ɗin za a auna a biya ki, dutse da kuɗin aiki galibi sun tafi. Shi ya sa iyayenmu mata suke cewa gwal ajiya ce. In kuɗin kaɗan ne, gara sumul ɗin zobe mai nauyi da ƙaton dutse a kan siririyar waya.

7. Awon yatsa. Yatsa yana kumbura da zafi, ya saki da hunturu. A auna da yamma, a tabbata zoben yana wuce gaɓa da ɗan turawa kaɗan, ba ya kuma zamewa in kin yarfa hannu. In ba za ki je ba, ki naɗa zare a gindin yatsan ki ƙulla alama, ko ki ba da wani zobenki da ya zauna miki daidai.

8. Shago da rasit da babba. A saya a wurin da in an dawo gobe za a tarar da mai shi. A rubuta karat, da nauyi, da kuɗi, da kwanan wata. A tafi da wata babba da ta san gwal, yayarsa ko gwaggonki. Ba na son in ji an ce ke da shi kun shige kasuwa ku biyu, baiko ba aure ba ne. Haka wajen sa zoben, a aiko ƙanwarsa ko yayarsa ta kawo, ki sa abinki da hannunki.

KULA DA SHI

Koren da kika gani a yatsa jan ƙarfe ne yake haɗuwa da gumi, wankewa yake yi. In kuwa ƙaiƙayi ne da ƙuraje, sau da yawa wani farin ƙarfe ne mai suna nikel da ake sawa a kayan ado masu araha, jikin wasu ba ya ɗaukarsa, sai a cire. Azurfa in ta yi baƙi ba jabu ba ce, halinta ne, goge ta da tsumma mai laushi za ta dawo. Gwal kuma ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun ishe shi.

Ki cire zobe in za ki yi wanki da ruwan bilic, yana cin gwal. Masu shafa man canja fata kuma ku ji da kyau, wasu daga cikin mayukan nan da sabulan akwai sinadarin makyuri a ciki, yana mayar da gwal fari ya lalata shi. Abin da ya yi wa zinariya haka, me kike zato yake yi wa fatarki da ƙodarki? In zobe ya maƙale, ki tsoma hannu a ruwan sanyi, ki shafa sabulu ko man gyaɗa ki murza a hankali. In yatsa ya fara canja launi kada ki tsaya, a je asibiti a yanke zoben. Ana gyara zobe, ba a sayen yatsa.

YADDA AKA ƘARE

Kuɗin yaron nan dai sun tafi, ko kwabo ba a gani ba, wata huɗu ya yi yana biyan adashi. Ita kuma da ta ji yadda aka yi, kunya ta kama ta, ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, sai ta bakin ƙanwarsa ta aika masa da ban haƙuri. Ya ce zai sake neman bashi ya sayo na gaske. Na ce, "Kul! Wanda ka ci bai ishe ka ba?"

Muka koma wajen Baba maƙeri ni da ita da yayarsa. Aka auna azurfa a gabanmu, ta zaɓi murɗe mai igiya uku da ɗan fili a sama, aka yi masa zane irin na lallen da take so, ta ciki kuma aka sassaƙa sunanta da ajami. Kuɗinsa duka bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ranar da muka je karɓa, Baba ya miƙa mata ya ce, "Jikata, wannan ba zai yi miki ƙarya ba. In ya yi baƙi ki goge, haka zaman auren ma yake." An ɗaura aure bayan Babbar Salla kamar yadda aka sa, zoben yana hannunta har yau. Gwal kuwa sun ce sai Allah Ya hore, giram-giram za su tara.

Saura ke 'yata 'yar aji biyar mai zobe a ƙasan akwati. A'a, ba a yi miki baiko ba. Baikon da iyayenki ba su sani ba, ba baiko ba ne. Abin da kike ɓoyewa kada Umma ta gani, ke ma kin san da magana a cikinsa. Ki nuna wa mahaifiyarki ko yayarki yau ɗin nan, a mayar masa da abinsa. In da gaske yake ya san ƙofar gidanku, zai kuma jira ki gama karatu. Ke kuma mai ƙawaye masu auna daraja da dutse, ki tambaye su karat nawa ne nasu da giram nawa, ki ga in za a samu mai amsawa.

A nan zan dakata. A fitowa ta gaba insha Allahu za mu yi magana a kan murjani da tsakiya, yadda ake gane na ƙwarai da yadda ake sake shirya na kaka ya zama na yayi. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, wadda ba ta so a ambaci garinsu ta faɗa, asirinta a rufe yake. Allah Ya ba 'yan matanmu mazaje na gari, Ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, Ya raba mu da kayan jabu da mutanen jabu, amin.

Taku har kullum,
Antinku.